Adireshi Ɗari Tara na Anti Tafireta

Matata ta riga ni shiga kamfanin ruwa da shekara uku, kuma har yau idan gardama ta haɗa mu sai ta tuna mini da haka. A wurin aiki Anti Tafireta ake ce mata. A gida Maman Biyu ce, saboda tagwayen mata da Allah ya ba mu a haihuwar fari. Ni kuwa shugaban masu gyaran bututu ne, abokan aiki na kira na Oga Famfo.

Tana da shekara goma sha tara ta fara aiki, a wani dogon ɗaki mai tagogi shida, inda mata goma sha biyu ke zaune a jere, kowacce da tafiretarta. In ka tunkaro ɗakin daga nesa sai ka rantse ruwan sama ne ke dukan kwano. Ranar da na fara ganin ta, rahoton wani bututu da ya fashe na kai a buga mini. Ta karɓi takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta ce, "Malam, wannan rubutu ne ko sawun kaza?" Kunya ta kama ni, na ce bari in karanto mata. Ta ce in bar shi. Ta buga shafi biyu ba ta tambaye ni ko kalma ɗaya ba, kuma babu kuskure ko ɗaya. Daga baya na gane cewa babu rubutun hannun da ke gagarar ta a kamfanin nan, tun daga na manaja har na mai gadi. Daga ranar kuma rahotannina suka yawaita ba gaira ba dalili.

Da kwamfuta ta shigo, dogon ɗakin ya watse. Wasu suka yi ritaya, wasu aka mai da su teburin karɓar baƙi, wasu suka ce su da wannan akwatin sai dai kallo. Ita kuwa sai ta riƙa cin abincin rana a tsaye cikin minti biyar, sauran lokacin hutun ta zauna gaban kwamfuta da littafin bayaninta a cinya. Ta lalata abubuwa, ba na musu. Akwai ranar da ta goge wasiƙun wata guda cur, ta sake buga su duka daga kai, don ta riga ta haddace su. A haka, a haka, har ta zama ita ake kira idan wani abu ya maƙale. Sunan Tafireta ne kawai ya ƙi barin ta.

Kamfaninmu yana da manhajarsa ta kansa, wadda wani injiniya ya gina mana shekarun baya kafin ya yi ritaya. Ga yadda take aiki, daidai fahimtar mai gyaran famfo. Wani ya bugo waya ya ce bututu ya fashe a layinsu. Mai karɓar waya ta shigar da ƙorafin. Daga nan manhaja ta ɗauka mataki-mataki: ta tambayi sashen taswira wane bututu ne a wurin, ta tambayi sito ko akwai irinsa a ajiye, ta tura wa ma'aikatan da ke bakin aiki saƙon waya, in an gama kuma ta sanar da mai ƙorafi. Wannan jerin matakan shi ake kira tsari. Akwai tsarin fashewar bututu, akwai na sabuwar mita, akwai na tankar ruwa, akwai na neman hutu, har guda ɗari biyu da goma sha huɗu. Aikin Maman Biyu ke nan: gina su da gyara su, tana jan 'yan akwatuna da kibiyoyi a fuskar kwamfuta.

To, kowane mataki da zai yi magana da wani sashe sai ya bi ta adireshi, wato wani dogon layin haruffa irin na intanet. Duk adireshin nan kuma suna nuni ne ga saba guda, wata tsohuwar na'ura da ke ɗan ɗakin da ke bayan ofishinsu, tana gurnani kamar injin niƙa.

Wata Litinin da safe Manaja ya kira taro. Dogo, wanda shi ne shugaban sashen kwamfuta yanzu, ya miƙe ya yi bayani. An kawo sabuwar saba, an kwashe komai an mai da can, tsohuwar kuma za a kashe ta ƙarshen wata tun kafin ta mutu da kanta. Matsalar ɗaya ce: sunan sabuwar daban ne, don haka kowane adireshi a cikin kowane tsari sai an sauya shi. Kuma da hannu aka rubuta su tun asali, kowanne a cikin akwatinsa.

"Guda nawa ne?" in ji Manaja.

Dogo ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, sun kusa dubu."

Aka yanke cewa mutum biyar za su zauna su bi su ɗaya bayan ɗaya, har da Asabar da Lahadi biyu. A buɗe tsari, a buɗe akwati, a goge, a rubuta, a ajiye, a rufe, a koma na gaba.

Ranar farko Maman Biyu ta gyara arba'in da ɗaya. Da ta leƙa aikin na kusa da ita, ta tsinci kuskure biyu a cikin goma: nan harafi ya faɗi, can an ninka ɗigo. Ta dawo gida wuya a sanƙare, ta zauna a kujerar falo ko takalmi ba ta cire ba.

"Baban Biyu, wannan ba aiki ba ne, kwasar ruwa da kwando ne," ta ce. "Ko mun gama, kurakuran da za mu shuka sai mun shekara muna tsinta."

Na ce ta yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Ta harare ni, ta ce sai dai a daɗe ba a je ba, kuma ita ƙarshen wata aka ba ta.

Washegari wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina cikin rami, ruwa har gwiwa, muna fama da wani bututu mai inci takwas, wayata ta yi ta ƙara a aljihun gaba. Na share. Ta sake. A karo na uku na goge hannu a riga na ɗauka, don ba ta saba kira na a bakin aiki ba.

"Baban Biyu! Rubutu ne!"

"Lafiya? Wane rubutu?"

"Rubutu ne kawai, wallahi! Akwatunan nan da kibiyoyin duk ado ne. A ƙarƙashi rubutu ne zalla, kamar wasiƙa!"

Sai da na ce ta ja numfashi sannan na fahimta. Akwai wani ɗan maɓalli a lungun manhajar, na fitar da kwafin tsari a ajiye shi a matsayin fayil. Shekara da shekaru tana danna shi don ajiya, ba ta taɓa buɗe abin da yake fitarwa ba. Ran nan gajiya ta sa ta buɗe ɗaya a manhajar rubutu ta yau da kullum. Sai ga tsarin gaba ɗaya a shimfiɗe, layi bayan layi, ga adireshin nan ɓaro-ɓaro a tsakiya.

"In dai rubutu ne, ai gidana aka zo," ta ce. "Nemo kaza, sauya da kaza. Abin da nake yi wa wasiƙu tun kafin a haifi rabin mutanen ofis ɗin nan!"

Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ni yanzu ruwa na shiga takalmina. Ban tabbata ta ji ba, ta riga ta kashe.

Dogo bai yi tsalle ba da ta kai masa maganar. Mutum ne mai taka-tsantsan, irin wanda ke taɓa aljihu sau biyu ya ji ko mabuɗi na nan. Ya ce, "Anti, in alama ɗaya ta goce a fayil, manhaja ba za ta karɓe shi ba. In kuma ta karɓa da kuskure, mun shiga uku gaba ɗaya, ba ɗaya-ɗaya ba."

"Shi ya sa muke da manhajar gwaji," ta ce. Akwai kwafin manhajar na biyu da suke gwada sabbin abubuwa a kai, wanda ba ya taɓa aikin gaske. "Ka ba ni ita, ka ba ni kwana uku. In na kasa, ni zan fara zuwa ranar Asabar, ni zan kulle ƙofa."

Suka je wurin Manaja tare. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ranar Juma'a da safe yana so ya ga abu da idonsa, in ba haka ba kowa ya koma hannu.

Ta fitar da fayil ɗari biyu da goma sha huɗu, ta yi musu kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a 'yar ma'ajiyar da ta rataya a wuya kamar sarƙa. Sannan ta sa aka nemo mata tsohon adireshin a cikinsu duka. Kwamfuta ta ce ɗari shida da goma sha biyu. Dogo ya ce to madalla, ashe ba su kai yadda ya zata ba. Ita ta girgiza kai. Ta san tsarin sabuwar mita kaɗai yana da adireshi tara, ga shi nan an nuna mata huɗu.

Ta buɗe fayil ɗin ta bi shi da ido, sai ta fashe da dariya. Adireshi ɗaya ne, amma kowa da yadda ya rubuta shi. Wani ya sa manyan haruffa. Wani ya rubuta lambar sabar maimakon sunanta. Wani ya gutsure sunan don ƙyuya. Wani ya ƙara 'yar sanda a ƙarshe. Abin da ya fi ba ta daɗi shi ne tana gane mai kowane salo. "Wannan na mai manyan haruffa, yarinyar nan ce da ta koma sashen mita. Wannan gutsurarren kuwa, Dogo, kai ne. Tun kana sabo ba ka son dogon rubutu." Dogo ya ce shi bai tuna ba. Ta ce kwamfuta ta tuna.

Da yamma teburin cin abincinmu ya koma ofis. Ta ja layi da rula a tsakiyar farar takarda, tsoho a hagu, sabo a dama, har salo bakwai. Ni aka ba aikin karanto mata haruffa ɗaya-ɗaya tana dubawa, kuma aka hana ni ajiye kofin shayi kusa da takardar. Jimilla ta tashi ɗari tara da talatin da shida.

Laraba da safe Dogo ya koya mata yadda ake rubuta wa kwamfuta ɗan gajeren umarni, layi goma sha wani abu, wanda zai bi fayilolin duka ya yi sauyin. Ya miƙa hannu zai buga mata, ta buge hannun. Ta ce ya faɗa, ita za ta buga. Ta kuma kafe a kan abu ɗaya: umarnin ya fara jero mata duk abin da yake niyyar sauyawa, ba tare da ya taɓa komai ba, sai ta karanta ta yarda tukuna. "Ko a zamanin tafireta ba a kai wa manaja wasiƙa sai an karanta ta," ta ce.

A nan ne aka ci karo da abin da ya ɗaure musu kai. Tsari goma sha ɗaya ba su da adireshi ko ɗaya a ciki, a kowane salo. Amma da Dogo ya duba rajistar tsohuwar saba, ga su nan kullum suna magana da ita. Cikinsu har da na tankar ruwan asibiti, wanda ba a wasa da shi. Suka bincika, suka bincika, ba su ga ta inda suke bi ba. Maman Biyu ta duba ranar da aka gina su, ta ga su ne mafiya tsufa, ginin Tsohon Injiniya da kansa.

Wayarsa ba ta shiga, don haka da aka tashi aiki na ɗauke ta a mota muka nufi bayan gari, inda ya koma noman lambu. Muka same shi tsugune a cikin tumatir, da wata hula da rana ta cinye launinta. Da ya gan ta ya miƙe yana murna.

"A'a! Tafireta! Har yanzu ba su kore ki ba?"

"Baba, wa zai karanta musu rubutunsu in sun kore ni?"

Bayan gaisuwa ta shimfiɗa takardunta a kan wani juyayyen bokiti, ta nuna masa. Ya matso da takardar kusa da hanci, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Ba za ki same shi a ciki ba, 'yata, don ba ya ciki. Kin ga wannan 'yar kalmar? Ba adireshi ba ce, manuniya ce. Cewa take, je ka shafin saituna ka ɗauko sunan saba. Wuri ɗaya na rubuta shi. Ki gyara layi ɗayan nan, duka goma sha ɗayan sun gyaru."

"Layi ɗaya?"

"Ɗaya tak. Na ce musu kowa ya riƙa yin haka, suka ce ina da tsawaita aiki. Da na tafi kowa ya kama gabansa."

Na ga fuskar matata ta sauya. Ta zauna a kan dutse ba ta ko kakkaɓe shi ba. Ta ce, "Baba, tsaya. Ke nan in maimakon in cire tsohon adireshi in sa sabo, na cire shi na sa wannan manuniyar taka a duka ɗari tara da talatin da shida..."

"To duk ranar da aka sake sauya saba, mai shara ma zai iya yi muku aikin kafin ya ajiye tsintsiya."

Ta tafa hannu har tsuntsaye suka tashi daga kan shinge. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Tsohon ya cika mana leda da tumatir, ta manta da ita a kan bokiti, sai da na koma na ɗauko. A hanyar dawowa bakinta bai huta ba, har na wuce kwanar gidanmu ban sani ba.

Alhamis da hantsi ta gyara umarnin, ta karanta jerin sauye-sauyen tun daga farko har ƙarshe, ta saki abin a kan manhajar gwaji, ta rubuta sunan sabuwar saba a shafin saituna. Fayiloli suka shiga lafiya, babu wanda aka ƙi karɓa. Saura a gwada da ƙorafin ƙarya. Da aka zo wurin adireshin mai ƙorafi, sai ta sa na gidanmu, don shi ne ya fara zuwa mata. A wurin bayani kuma ta rubuta, babban bututu ya fashe, ruwa ya shiga ɗakuna. Ta danna.

Abin da ita da Dogo suka manta shi ne, a manhajar gwaji an daɗe da karkatar da matakin tura saƙo zuwa wani akwatin banza, don kada saƙon gwaji ya je wayar kowa. Wannan akwatin ma a tsohuwar saba yake, don haka umarninta ya haɗa da shi ya share, ya miƙe hanya sak zuwa ga mai tura saƙo na gaske.

Ina can wani gefen gari, sai wayata ta yi ƙara. Na karanta, na ga lambar gidana. Ban tsaya tunani ba. Ƙaramar tagwayenmu tana gida da jaririnta, ta zo mana kwana biyu. Na bar kayan aiki a ƙasa na faɗa mota.

Ko da na iso, motocin kamfani uku sun riga ni. Duk wanda ke bakin aiki ya ga saƙon, ya ga gidan Oga ne, ya bar abin da yake yi. Mutum tara ne a ƙofar gidana da shebur da diga da injin zuƙar ruwa. Wani mai zafin nama har ya rufe bawul ɗin da ke ba layinmu ruwa gaba ɗaya. Ga 'yata a bakin ƙofa, jariri a kafaɗa, tana rantse musu cewa ko ɗigo babu, su kuma suna cewa ta matsa su duba, wataƙila ta ƙarƙashi yake bi. Maƙwabciyarmu ta fito da kumfar sabulu har gwiwar hannu tana tambayar wanda ya ɗauke mata ruwa tana tsakar wanki.

Na kira Maman Biyu. "Ke, me kika aiko mana?"

Sai na ji ta ce, "Innalillahi." Sannan a hankali, "Baban Biyu, saƙon ya iso?"

"Ya iso mana! Ga mutum tara a ƙofar gida!"

"Da lambar gidan daidai? Da girman bututun?"

"Har sito sun ba da bututun, ga shi a bayan mota!"

Ihun da ta yi sai da na janye wayar daga kunne. "Ya yi! Dogo, ya yi! Taswira ta amsa, sito ya amsa, saƙo ya tafi, duk ta sabuwar saba!" Ina jin Dogo daga can yana cewa, "Anti, a hankali, Manaja na tahowa."

Manaja ya shigo fuska a murtuke, in ji ta, ya tambayi wanda ya tura motoci uku aikin da babu. Ta miƙe ta ce ita ce, ta faɗi yadda aka yi ba ta rage komai ba. Ya ce a ina ne wurin. Ta ce gidanta. Ya buɗe baki zai yi faɗa, abin ya ƙi, ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo ya ce kada a sake, kuma ta rubuto masa rahoto. Ta ce ai rahoto sana'arta ce.

Da yamma ta bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, ta raba musu tumatirin Tsohon Injiniya. Washegari ta ware wa manhajar gwaji nata saitin daban, ta rubuta gargaɗi da jan biro ta manna a gefen kwamfuta. Suka sake gwaji sau ashirin a gaban Manaja, babu wayar da ta yi ƙara. Ya ce gobe a yi na gaske.

Asabar ƙarfe tara na safe muna ofishinsu mu huɗu: ita, Dogo, Manaja, da ni, da na sa kaina a jerin masu aikin ranar da gangan. Sauran huɗun da aka ce za su zo gyaran hannu suna gidajensu suna hutawa. Ta sa sabon mayafi kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Aka dakatar da manhaja, aka ce masu karɓar waya su riƙa rubutawa a takarda na ɗan lokaci. Ta ɗauki sabon kwafi na komai. Ta sa umarnin ya jero abin da zai yi, ta bi da yatsa har ƙasa: ɗari tara da talatin da shida. Ta dubi Dogo, ya gyaɗa kai. Ta yi bismilla ta danna.

Layuka suka riƙa gudu a fuskar kwamfuta, sama-sama, ido ba ya iya bin su. Na ɗaga hannu in duba agogo, kafin in sauke sun tsaya.

"Shi ke nan?" in ji Manaja.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Aikin mutum biyar na mako biyu?"

"Daƙiƙa arba'in," in ji Dogo, yana dariya kamar shi aka yi wa kyauta.

Mayar da fayilolin cikin manhaja da gwada manyan tsare-tsare ya ci kusan awa biyu. Ɗaya ne kawai ya yi gardama, na neman hutu, saboda wani ya taɓa barin fili a tsakiyar adireshi, salo na takwas da bai shiga takardarta ba. Ta gyara shi da hannu tana tsaki, ta ce ta san mai wannan aikin, kuma Litinin za su haɗu.

Sannan Dogo ya buɗe ɗan ɗakin baya, ya ce Anti ce za ta kashe. Ta sa yatsa ta danne maɓallin. Gurnanin da muka saba ji shekara da shekaru ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Ofishin ya yi tsit har muna jin motsin fanka. Kowa na kallon wayar da ke hannuna.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin ta yi ƙara. Bututu ya fashe kusa da wata makarantar firamare, inci huɗu, akwai a sito. Na karanta da ƙarfi. Manaja ya ce, "Ka tabbata ba gidanka ba ne?" Maman Biyu ta rufe fuska da mayafi tana dariya har da hawaye, ni kuma na ɗauki hulata na fita, don wannan karon ruwan na gaske ne.

Shekara biyu suka rage mata ta yi ritaya, amma tun daga ranar ba ta zauna ba. Ta rubuta bayanin yadda aka yi, shafi shida, da yadda ake gina sabon tsari ba tare da an cusa adireshi a ciki ba, kuma duk wanda ya karya dokar sai ta gane shi. Duk Laraba a lokacin hutu matan teburin karɓar baƙi uku suna zuwa ta koya musu aikin manhaja, ɗaya har ta fara gina nata tsarin.

Watan jiya reshen kamfanin da ke wani gari suka bugo. Su ma za su sauya saba, nasu tsare-tsaren sun haura ɗari uku, sun ji labari, suna roƙon a ara musu ita na mako guda. Ba ta taɓa tafiyar aiki ba tunda take. Kwana biyu tana shirya jaka tana warwarewa.

Na kai ta tasha da sassafe. Ta bar mini umarni kala-kala a kan girki da maganin hawan jinina, ta hau mota ta zauna kusa da taga, jakar kwamfuta a cinya ta rungume da hannu biyu. Wata dattijuwa da ke gefenta ta yi kuskuren tambayar ta ko ziyara za ta je. Ko da motar ta tashi ina ɗaga mata hannu, ba ta gan ni ba. Ta riga ta zaro takarda da biro, tana zana wa matar akwatuna da kibiyoyi.